Hoton Gida-Gida na Jummai

A Boɗinga an yi wata matar aure, Jummai, mai tsafta da iya girki, sai dai ba ta son a yabi wani a gabanta. Mijinta Kamilu, mai sayar da albasa, ya saya mata waya don ta riƙa jin muryar innarta da ke Horo Birni. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata: kada fuskarta ta hau waya.

Wata rana facalarta Altine ta sa sabon hoto a kan lambarta ta WhatsApp. Wata manhaja ce ta mayar da hoton gida-gida kamar saƙar tabarma. Ana ganin hijabi shuɗi, amma ba a gane ido balle hanci. Matan dangi suka yi ta yabo a guruf, har surukarsu ta aiko da murya tana dariya.

Jummai ta kasa cin tuwon rana. Ta leƙa ɗakin Altine.

"Wanga hoto naki, ya an ka yi shi?"

"Zamna in nuna miki, Yaya. Ki bar gidajen manya-manya, su ka ɓoye mutum."

Jummai ta sha leshin bikinta, ta sa 'yan kunne, ta ɗauki hoto babu mayafi. Da manhajar ta gama, sai ta ga leshin ya zama kamar faci, 'yan kunnen ɗigo biyu. Wa zai san ta fi Altine kaya? Ta rage girman gidajen. Leshi ya fito. Ta ƙara ragewa, 'yan kunne suka fito. Ta sake ragewa har ta ga wushiryarta, sannan hankalinta ya kwanta. Ita a ganinta, tunda akwai 'yan gidaje, ai zane ne. Ta ɗora shi a kan lambarta.

Washegari Kamilu na kasuwar Shagari, ya buɗe lambarta zai tambayi cefane. Abokin cinikinsa Bashar na tsaye a kafaɗarsa.

"Kamilu, ashe amarya ma ta biyo ka kasuwa? Wushirya har da kyauta."

'Yan albasa suka fashe da dariya. Kamilu ya yi maza ya rufe wayarsa.

Da ya dawo da la'asar, ya miƙa hannu.

"Ba ni wayar."

"Maigida, wallahi irin na Altine ne."

"Na Altine ko mijinta bai gane ta. Ke Bashar da ya gan ki sau ɗaya ran biki ya gane ki."

Ya sa wayar a aljihu. Tun daga ranar, idan Jummai na son gaida innarta, sai ta tsaya a ƙofar Altine ta yi sallama, ta jira a ara mata.

Darasi: 'yar'uwa, idan an yabi wata, ki taya ta murna ki wuce. Hassada ba ta barin mutum ya ga inda ya kamata ya tsaya, sai ya rasa abin da ke hannunsa.