Damina Talatin da Tara

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun kakanninmu ba su san za a haife su ba. Sunansa Malam Haladu. Ku matso ku saurara, ku na bayan nan da kuka fara gyangyaɗi tun ban ce komai ba.

Malam Haladu masanin shari'a ne, kuma marubucin tarihi. Duk tsohon da ya kwana biyu a duniya sai ya je ya durƙusa gabansa yana tambaya: wace shekara aka yi yunwa, wace shekara aka haƙa rijiyar masallaci, wane alƙali ya yanke hukunci kaza. Yakan kafa sanda a tsakar gida yana auna inuwa, yana lissafin tafiyar rana da wata. In aka ce masa, "Malam, ina ruwan addini da wannan wahala?" sai ya ce, "Wanda ya saukar da Littafi shi ke juya rana da wata. Shekara talatin ina neman inda suka saɓa, ban samu ba."

To, akwai abokin karatunsa, Malam Jatau. Zaure ɗaya suka zauna, malami ɗaya ya biya musu. Kuma kada ku ɗauka jahili ne, a'a, Jatau ya san karatu. Ciwonsa ɗaya ne: in aka yabi Haladu, ranar tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro. Ya ji ana cewa "Malam Haladu ya ce," sai ka ga fuskarsa ta murtuke. Yakan ce wa mutane, "Mai auna inuwa da sanda? Wannan ai saura ƙiris ya fara duba." Amma a ɓoye ya sa an kwafo masa littafin tarihin Haladu, yana bin sa layi-layi, ba don ya ƙaru ba, don ya samu abin kamawa. Shekara da shekaru yana nema. Hassada aiki ce, jama'a, aiki ce ja wur, kuma ba lada.

Ana nan sai alƙalin garin ya tsufa, idonsa ya raunana. Magana ta bazu cewa bayan kaka Sarki zai ba Malam Haladu buzun alƙalanci. Buzun nan kuwa shi Jatau ke mafarki tun yana saurayi.

Kafin nan an kawo wata shari'a. Wani tsoho, Baba Cindo, ya daɗe yana noma wata gona, sai 'ya'yan wansa suka taso suka ce ta ubansu ce. A littattafan da ake hukunci da su a garin, in dangi ya riƙe gona shekara arba'in ana gani ba a tanka ba, ta zama tasa. Shaidu suka ce damina talatin da tara ya yi yana nomanta, tun shekarar da aka yi husufin rana. Alƙali ya nemi fatawar Malam Haladu, shi kuma ya ce talatin da tara ba arba'in ba ce. Aka karɓe gona. Baba Cindo ya fita yana share hawaye da hannun riga.

Jatau ya koma gida ya buɗe littafin nan. Ga shekarar husufin, Haladu ya rubuta ta da hannunsa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sai ga shi arba'in har da 'yan watanni! Kun gane inda gizo ke saƙa? Manomi da damina yake ƙirga, shari'a kuwa da wata, kuma shekarar wata ta fi gajarta da kwana goma sha ɗaya. Kwanakin nan in suka taru, damina talatin da tara ta haura shekara arba'in. Abin da Haladu ke koya wa mutane kullum, shi ne ya sha masa kai.

Wallahi Jatau har tafi ya yi shi kaɗai a ɗaki. Lokacin ko ruwan shuka bai sauka ba. Da ya yi magana a ranar, da tsoho ya shuka gonarsa. Ina! Sai ya naɗe maganar ya ajiye. Ruwa ya sauka, yana shiru. Aka yi noma, aka yi maimai, gero ya yi kai a gonar Baba Cindo, wasu na yanka, yana shiru. Yana jiran ranar da faɗuwar za ta fi ƙara.

Ranar naɗin ta zo. Fada ta cika da hantsi, an shimfiɗa buzu. Sai Jatau ya miƙe gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina da tambaya ga malam. Shekarar shari'a da damina ake ƙirga ta ko da wata?"

Haladu ya ce, "Da wata."

"To, damina talatin da tara shekara nawa ke nan?"

Jatau ya zuba ido yana jiran musu, ya ma tanadi amsoshi uku. Haladu ya sunkuyar da kai, yana motsa yatsu. Can ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Innalillahi. Malam Jatau ya yi gaskiya, na zalunci Baba Cindo. Allah ya ba ka nasara, a mayar masa da gonarsa yau. Buzun nan kuma kada a ba ni. Ga wanda ya ga abin da ya wuce ni." Ya juya ya kama hannun Jatau da hannu biyu, ya ce, "Allah ya saka maka, ɗan'uwana. Ka fitar da ni daga wuta."

Aka ba Jatau buzu. Ya samu abin da yake so, ko ba haka ba? To, ku saurara. Yana fita daga fada ya ji mutane na cewa, "Kai, Malam Haladu mutum ne! Wa zai iya abin da ya yi?" Shi aka naɗa, wancan ake yabo. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, ya ce a ransa, mutumin nan ko faɗuwa ya yi sai ya fi ni iya faɗuwa.

Bayan kwana uku sai ga Haladu ya yi sallama a zaurensa, da littafi da tawada. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta malam, na zo in sa gyaran nan a tarihi da sunanka, don na baya su san wanda ya yi shi. Ka san ni ba na rubuta abu ba rana. Yaushe ka gano?"

Tambaya ce ta mai tarihi, ba da wata manufa ya yi ta ba. Jatau ya buɗe baki zai ce jiya-jiyan nan ne, sai ya ga yana zaune a kan buzun shari'a. Ya ce, "Tun kafin shuka."

Haladu ya ajiye alƙalami. Sannan ya ce, "Ashe da tsoho bai rasa daminar bana ba." Ya ɗauki alƙalamin ya rubuta cewa Haladu ya yi kuskure, Alƙali Jatau ya gyara. Bai sa rana ba. Ya ce, "Ƙarya ba za ta shiga littafina ba, amma ba ni zan tona maka asiri ba. Ni na riga na kai masa rabin rumbuna, don mantuwata ce ta jawo. Shirunka kuwa ba ni zan yafe ba, na Baba Cindo ne. In za ka je, zan raka ka."

Suka tafi. Sabon alƙali ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban manomi, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, yana kuka kamar yaro.

To jama'a, ga darasin ƙarara. Mai tawali'u in ya yi kuskure yakan ce na yi, kuma ba ya raguwa da komai. Mahassadi kuwa ko gaskiya ce a hannunsa sai ya mayar da ita makami, kuma ba abokin gabarsa take fara sara ba, wani marar laifi take samu. Kai da ke zaune nan, ka san kuskuren ɗan'uwanka, ka ajiye kana jiran ranar taro, ka tambayi kanka wa ke kwana da yunwa saboda shirunka. Kada ka jira taro. Ka tashi daga nan ka je ka same shi, ku biyu, ka gaya masa tun ruwan shuka bai wuce ba. Allah ya wanke mana zukatanmu.