Barmo da Dutsen Tafkin Mesa

A zamanin diga, lokacin da titin jirgin ƙasa ke kutsawa cikin dajin Zangarma a hankali, an yi wani maharbi ana ce masa Barmo. Tsofaffi sun ce bai taɓa kwana biyu a gindin bishiya ɗaya ba. Yau a ji shi gabas yana bin sawun ɓauna, gobe a gan shi yamma da fatar damisa a kafaɗa. Maroƙa kan yi masa kirari su ce, "Guguwa ba ki da masauki! Barmo na Kande, ƙafarka ta fi doki!"

Wata shekara aka kwashi samarin ƙauyensu zuwa aikin diga, har da ƙanensa Nomau, aka ce ba mai komawa gida sai titi ya ratsa dutsen Zangarma. Dutsen kuwa baƙi ne, cin ƙarfe yake yi, diga ba ta yini sai ta dakushe. Saboda haka aka kafa rumfar kwano, aka kawo injin da ke ba da wutar lantarki, aka ja waya zuwa wani dutsen wasa ƙarfe mai kama da faifai. Yana juyawa ba hannu ba ƙafa, tartsatsi na tashi kamar taurari. Wani maƙeri Banufe mai suna Ndagi ne ke kula da shi.

Ana nan, rannan dutsen wasan ya tarwatse yana cikin gudu, ɓarɓashinsa ya tafi da idon Ndagi ɗaya. Sabo kuwa sai an kawo daga bakin teku, ba wanda ya san ranar. Aiki ya tsaya cik, amma ba a sallami kowa ba. Hadari ya fara haɗuwa, gonaki na can ko shara ba a yi ba.

Barmo ya biyo ta sansanin, ya tarar da ƙanensa ya rame sai ido.

Nomau ya ce, "Yaya, in damina ta wuce mu a nan, bana yunwa ce za ta ci Inna da yara."

Barmo bai ko zauna ba. Ya wuce wurin Ndagi ya ce, "Baba maƙeri, wane irin dutse injin nan ke so?"

Ndagi ya ce, "Mai laushin yashi, marar tsaga. In ka ƙwanƙwasa shi, ya amsa kamar kuge."

Barmo ya san wuri ɗaya tak da ke da irinsa, wato bakin Tafkin Mesa, inda yakan wasa kibansa. Da ya isa ya sa hannu zai ɗaga dutsen, sai wata mesa ta fito daga ruwa, ta yi magana da muryar tsohuwa.

Ta ce, "Matashin kaina ne wannan, ɗan Kande. Ɗauki in kana so. Amma inda ka sauke shi, nan ƙafarka za ta tsaya har mutuwa."

Barmo ya kewaya tafkin, ya sake kewayawa. Ya dubi gabas, ya dubi duwatsun kudu da bai taɓa takawa ba. Sa'an nan ya sunkuya ya aza dutsen a ka, bai sauke shi ba sai a rumfar Ndagi.

Ndagi ya sassaƙe shi, ya huda tsakiya, ya ƙwanƙwasa ya ji amo, ya ɗora a inji. Digogi suka yi kaifi, dutsen Zangarma ya buɗe, samari suka isa gida kafin shuka ta wuce.

Barmo kuwa ya rataya kwari da baka zai koma daji. Yana kaiwa inda ƙarar inji ke ɓacewa, sai gwiwoyinsa suka sage. Ya gwada arewa, ya gwada kudu, duk haka. Dole ya kafa bukka kusa da rumfar, ya koyi wasa ƙarfe a hannun Ndagi. Manoma da mahauta suka riƙa kawo fartanya da wuƙa, masu abinci suka biyo su, wuri ya zama gari.

Ya ga jirgin farko, ya ga na bayansa, bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Kullum jirgi ya tashi, sai ya bi gefensa da sassarfa har iyakar da ƙafarsa ta yarda, ya tsaya yana kallon hayaƙi.

A daidai nan ya ce a binne shi in ya mutu, kansa na kallon titi. Garin shi ne Tashar Barmo. Har yau in jirgi ya zo kusa da kabarin, direba kan rage gudu ya busa, wai don Barmo ya samu ya taka wa jirgin.