Tulun Ƙara da Turken Tsintuwa

An ce wai a zamanin Sarki Alwali cin hanci ya yi yawa a ƙasa, har sarki ya rantse sai ya auna shi kamar gero. Waziri ya kawo dabara: a ajiye wa kowane gari tulu a fada, duk talakan da ya kawo ƙarar hakiminsa a jefa tsakuwa a ciki.

Da shekara ta zagayo, tulun Jatau, hakimin Tsauni, ya cika ya batse. Na Gwadabe, hakimin Rafin Sanyi, kuwa ko tsakuwa ɗaya babu. Sarki ya ce a tuɓe rawanin Jatau, a haɗa wa Gwadabe garinsa.

Ran Jatau ya ɓaci ƙwarai, amma ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rawani naka ne, karɓi abinka. Amma mudun nan ban yarda da shi ba, ko za a yanka ni. Bakin talakawa kuka auna, cikin hakimai yana nan ba a taɓa ba. Mu je ka duba turken tsintuwa a gidajenmu, ba tare da aike ba."

Al'adar ƙasar ce, dabbar da ta ɓata a kai ta gidan hakimi har mai ita ya zo. Sarki ya yarda, suka tafi. A gidan Jatau suka tarar da turke wayam, sai wata tsohuwa tana jan akuyarta da ta karɓa kyauta, tana ta masifa wai ba a ba akuyar dusa ba. A gidan Gwadabe kuwa garke guda suka gani, wasu awakin har sun yi jikoki. Wani manomi yana leƙe ta danga.

Sarki ya ce, "Kai, taka na ciki?"

"Ga ta can, ranka ya daɗe. Kafin in fanshe ta sai na sayar da bijimina."

"Me ya hana ka kawo ƙara?"

"Ta ƙofar gidansa hanyar fada ta bi."

Nan take aka tuɓe Gwadabe, aka bar wa Jatau rawaninsa. Sarki ya yi murna, ya ce daga yau turke za a riƙa dubawa.

Jatau ya ce, "Kul, ranka ya daɗe! In ka faɗi haka, gobe kowane hakimi zai wayi gari da turke wayam da tukunya cike da nama. Ka dai riƙa zuwa da ƙafarka."

Shi ya sa masu hikima suka ce, shirun talaka ba shaidar adalci ba ne, kuma duk mudun da ɓarawo ya san girmansa ya tashi daga aiki.