Gwiwar Gambo Tana Hannun Alhaji

Ni fa ba a gode mini, shekara goma ina riƙe da lasifikar kulob ɗinmu!

Ana tsakiyar wasa ɗan wasanmu Gambo ya faɗi, gwiwa ta kumbura. Ga baƙi sun zo sayensa. Mai kulob, Alhaji Barau, ya kira ni.

"Tanimu, in ka sanar ya fita, baƙina su gudu, na kore ka. In ka ce zai dawo, hukuma ta kama mu da ƙarya, na kore ka."

"In ce ana duba shi, ranka ya daɗe?"

"Ita ma kora!"

Na gyara hula, na ɗauki lasifika. "Jama'a, Gambo zai dawo da zarar Alhaji ya ba da umarni!"

Filin duka ya juyo. "Alhaji, sako shi! Alhaji, sako shi!"

Alhaji ya matso yana gumi. "Kai, ya zan sako gurgu a gaban baƙi? Ce musu ya fita!"

"Aikina fa?"

"Yana nan, ɗan nema! Yi sauri!"

Na sanar. Har yau ko goro bai ba ni ba.