Tagar Dutsen da Baba Bai Taɓa Leƙawa Ba

Akwai wani makaniki da ake wa laƙabi da Sarkin Sauri, mutumin da ko shayi a tsaye yake sha. Ranar da likita ya ce idon mahaifinsa ya kusa rufewa, abu ɗaya tsohon ya roƙa: su koma duwatsun cikin hamada, inda ya taɓa kai ɗan nasa yana yaro, ya ga faɗuwar rana ta Tagar Dutse.

Suka ajiye mota inda hanya ta ƙare, suka kama sayyada. Duwatsu ne da iska ta sassaƙe, wani kamar raƙumi a gurfane, wani kamar turmi a kife. Baba kuwa kowanne sai ya tsaya ya shafa.

"Baba, rana fa ba za ta jira mu ba!"

"Kai ma ai ba ka jira wata tara ba," in ji tsohon, yana haki yana dariya.

Da ƙyar da jiɓin goshi suka iso, rana ta yi ja. Sai Sarkin Sauri ya yi turus. Tagar wata huda ce a jikin dutse, can sama da kan mutum.

"Baba, to yaya aka yi muka leƙa wancan karon?"

"Kai dai ka leƙa. A wuyana kake zaune, kana ta ihu, 'Baba, wuta! Wuta!' Ni dutse kawai nake gani. Shekarun nan duk da bakinka nake ganinta."

Sarkin Sauri ya dubi mahaifinsa. Bai taɓa sani ba. Ya durƙusa a kan yashi.

"Hau, Baba."

"Haba, da furfurata?"

"Hau dai, babu mai gani sai duwatsu."

Da ya miƙe da shi, sai ya ji tsohon ba nauyi ko kaɗan, hawaye ya zubo masa. Baba ya leƙa tagar can sama, sannan ya ce a hankali, "Ashe ba ƙarya ka yi ba, ɗan nan. Wuta ce."

Sarkin Sauri bai ga komai ba sai baƙin dutse a gaban hancinsa. Amma bai ce a yi sauri ba. Ya tsaya cak har Baba da kansa ya ce, "Sauke ni, na gani."

Darasi: Abubuwa da yawa da muka gani a rayuwa, a wuyan iyayenmu muka gan su, su kuwa dutse suke kallo. Ka durƙusa musu tun ranarsu ba ta faɗi ba. Tura wa duk wanda nasa ke raye.