Ranar da Fahim Ya Ɗaga Bututun Shahidi

Akwai wani mutum a ƙauyen Nazlat Hanna, kudu da birnin Asyut a ƙasar Masar, sunansa Fahim. Gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa. Da can mai raha ne, amma tun da ya binne matarsa Demiana ba wanda ya ƙara ganin haƙoransa.

A cocin ƙauyen akwai wani bututun katako naɗe da jan karammiski. Kakanni sun ce ƙashin hannun shahidin garin ne a ciki, wanda aka yanka tun zamanin Rumawa saboda ya ƙi barin addininsa. Duk shekara ranar idinsa ana kankare tsohon hanut, wato garin ƙamshin da ake kwaɓawa da ruwan wardi a shafe bututun, sannan a shafa sabo. Tsohon kuma a ƙulla shi a 'yan takardu a raba wa masu neman albarka.

Mai rabon shi ne Mukaddis Ayyad, dattijo mai gonakin rake. Tun da ya dawo daga ziyarar Kudus, wadda ta ba shi laƙabin Mukaddis, yake magana kamar shi Shahidi ya bar wa wasiyya.

Lokacin da Demiana ta ji ƙullutu a nononta, wurinsa ta je. Ya miƙa mata ƙulli ya ce, "Ki shafa, ki yi shiru. Wadda ta shafa hanut kuma ta tafi wurin likita, ta ƙaryata Shahidi ke nan."

Ta shafa, ta yi shiru. Ko mijinta ba ta gaya wa ba. Sai da ta kasa ɗaga tukunya Fahim ya ɗauke ta zuwa Asyut, likita ya duba ya ce, "Ina kuka tsaya tun tuni?"

A zaman makoki, Mukaddis Ayyad ya kurɓi gahawa ya ce wa na kusa da shi, "Allah ya jiƙanta. Bangaskiyarta ce ta yi rauni a ƙarshe." Fahim ya ji. Daga ranar bai sake taka cocin ba.

'Ya ɗaya Demiana ta bar masa, Irini, budurwa mai ɗinki. Da safiyar idin Shahidi, Irini ta sunkuya tana ajiye masa shayi da wake, sai wani ƙamshi ya bugi hancinsa. Ya san ƙamshin nan. A cikinsa matarsa ta mutu.

"Me kike shafawa?"

"Turare ne, Baba."

"Irini, dubi idona."

Ta fashe da kuka. Ƙullutu ne, a gefen hagu, kamar na uwarta. Tun lokacin yankan rake take jin sa.

"Wa ya ba ki?"

"Mukaddis. Ya ce Mama ta ɓata nata ne da ta je asibiti. Ya ce kada in maimaita."

"Ɗauko mayafinki, Asyut za mu."

"Ba zan je ba, Baba. Ina tsoron in yi wa Shahidi laifi."

Fahim ya ture kofin shayi ya fita, ko rigar aiki bai cire ba.

Ya tarar coci a cike. Ana kaɗa kuge, mata na guɗa, bututun yana kan teburi a gaban jama'a, an gama kankare shi. Mukaddis Ayyad na tsaye da cokali da tarin takardu. Fahim ya keta mutane da takalminsa, hannu duk baƙin mai, ya fizgi bututun ya ɗaga shi sama.

Guɗa ta yanke.

"Yau sai na ga abin da ke ciki!" ya ce. "In ƙashin mutum ne mu gani, in na jaki ne mu gani!"

"Ka haukace ne, baban Irini?" Mukaddis ya daka masa tsawa. "Hannunka zai shanye!"

"Ya shanye! Kai ne ka kashe min mata da cokalin nan, ka zo gidana ka sha gahawata kana zagin gawarta. Yanzu kuma 'yata? Kai da ko ciwon haƙori ba ya kwana a bakinka sai ka hau mota zuwa wurin likita!"

Samari suka yo kansa. Sai Abuna Sidarus, tsohon limamin cocin, ya ɗaga musu hannu. Ya tako a hankali har gaban Fahim.

Fahim ya ce, "Abuna, ba zan sumbaci hannunka ba yau. Amsa nake so. Mene ne a ciki?"

"Ban sani ba, ɗana."

Abuna ya dubi bututun ya ci gaba.

"Ban taɓa buɗewa ba. Wanda na gada ma bai buɗe ba. Haka aka miƙo mana shi, na kuma gaskata. Amma in ka ce in kawo maka shaida, ba ni da ita."

"To bari in kawo maka!"

"Ka fasa. Dutse ne a ƙasa, bugu ɗaya ya isa. In ka tarar da ƙashi, Irini ta warke? In ka tarar da ƙasa, za ta bi ka Asyut?"

Daga bakin ƙofa muryar Irini ta fito, ta biyo shi da gudu, ba takalmi. "Baba, in ka fasa shi, wallahi ko ɗaure ni ka yi ba zan je ba. Shi ne abin da Mama ta sumbata na ƙarshe."

Fahim ya tsaya da bututun a sama. Bai sauke ba, bai kuma jefar ba.

Abuna ya juya ga Mukaddis. "Da gaske kai ka gaya wa matan nan zuwa asibiti ƙaryata Shahidi ne?"

"Bangaskiya ba ta son kishiya..."

"Tambayarka na yi. A wane littafi ka gani?"

Mukaddis ya sunkuyar da kai.

Sai Abuna ya yi abin da ba a taɓa gani ba. Ya kama wuyan baƙar rigarsa ya ɓalle maɓallai a gaban maza da mata. Wani dogon tabo ya bayyana, daga ƙasan wuya har tsakiyar ƙirji.

"Irini, matso ki gani. Wannan zuciyata ce aka tsaga. Na shiga ɗakin tiyata da hanut a ƙulle a hannuna. Ni ma na ƙaryata Shahidi ke nan? Mutumin da ya miƙa wuyansa ga takobi ba zai ji kishin wuƙar likita ba."

Ya juya ga jama'a. "Na ɓoye muku ciwona don kada ku damu. Da Demiana ta ga tabon nan, da wataƙila tana cikin masu guɗa yau."

Ya karɓe cokalin daga hannun Mukaddis. "Je ka zauna a baya, Ayyad. Ba za ka ƙara raba wannan ba muddin ina numfashi."

Mutumin da ya saba a buɗe masa hanya ya ratsa mata suna kawar da kai. Wata tsohuwa ta ce a fili, "Ka ji kunya, Mukaddis."

Abuna ya ƙulla hanut da hannunsa ya ba Irini. "Riƙe wannan. Ki bi ubanki yanzu, kafin a tashi daga aiki a asibiti."

Fahim ya ajiye bututun a kan teburi. Shatin yatsunsa na baƙin mai ya zauna a kan katakon, a kansa aka shafa sabon hanut.

An yi wa Irini aiki. Likita ya ce sun zo a kan gaɓa. Tana nan da ranta, tana ɗinkinta. Fahim har yau bai san abin da ke cikin bututun ba, bai kuma yafe wa Ayyad ba. Ranar idi yakan raka 'yarsa, ya tsaya a bakin ƙofa har ta fito.

Ni ma, mai ba ku labarin nan, ban yafe ba. Demiana ƙanwata ce.

Darasi: Abin da ke cikin bututu, wanda ya gaskata ya gaskata, ba mai tilasta wa wani. Amma abin da ke cikin jikinka ana iya dubawa, ka je a duba. Duk wanda ya ce maka sai ka zaɓa tsakanin Allah da magani, ba don Allah yake magana ba, don girman kansa ne. Ku tura wa 'yan uwanku mata wannan labari yau, wataƙila akwai wadda ke ɓoye ciwo tana shafawa a shiru.