Tantin da Aka Kafa a Tsakiyar Kogi

Akwai wani magidanci a birnin Nagoya mai suna Isamu, ma'aikaci a wani kamfanin sayar da kayan gini. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa a jirgin ƙasa shi zai riga ka ba da haƙuri. Matarsa Chizuru tana ɗauke da cikin fari wata shida, bayan shekara bakwai suna nema.

A wurin aiki akwai na gaba da shi, Kurata, wanda ya koya masa aiki, kuma bai taɓa barin ya manta da hakan ba. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu. Na gaba da kai in ya ce a je, an je. In kofinsa ya sauka kai za ka cika, in ya yi barkwanci marar daɗi ka yi dariya. To shi Isamu ya kai abin maƙura. Shekara takwas bai taɓa ce wa Kurata a'a ba.

A watan Agusta ake yin wani babban bikin kiɗa na kwana uku a cikin duwatsu, a wani fili da ke bakin kogi. Kurata ya samo musu tikiti uku. Chizuru ta daɗe tana sha'awar zuwa, ta ce gara ta je yanzu kafin goyo ya ɗaure ta. Likita ya yarda, da sharaɗin ta riƙa hutawa.

Saboda haka Isamu ya kama musu ɗaki a ƙauyen da ke saman tudu, gidan wata tsohuwa mai suna Toyoko da ke saukar da baƙi lokacin biki. Ba wani ɗakin a zo a gani ba ne: shimfiɗa a ƙasa, fanka, ruwan wanka mai zafi, da shinkafa da miya da safe.

Suna cikin mota Kurata ya ji zancen ɗakin, ya kwashe da dariya.

"Gidan tsohuwa? Kai Isamu, biki ka zo ko jinya? Ƙarfe tara za ta ba ka shayi ta ce ka kwanta."

"Oga, saboda ita ne. Ka ga halin da take ciki."

"Halin da take ciki iska yake so. Ga tanti biyu nan a bayan mota. Na san wani wuri da babu wanda ya sani, kana kwance kana jin kiɗa. Kira tsohuwar ka soke."

Isamu ya kalli matarsa ta madubi. Ya ɗauki waya ya soke ɗakin.

Filin da masu bikin suka ware don kafa tanti yana kan gangare, ya cika maƙil, tanti na gogar tanti. Kurata ya wuce shi yana taɓe baki, ya kai su bayan dandamalin makaɗa, inda kogin ya rabu biyu ya bar wani tsibirin tsakuwa a tsakiya. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ga inuwa, ga sanyi. Ruwan da za a tsallaka garau yake, iyakarsa idon sawu.

Mutum dubu arba'in suna neman inda za su shimfiɗa leda, amma a nan ko mutum ɗaya babu. Kurata ya ce sun yi sa'a. Isamu kuwa ya ji yana son ya tambayi dalili, sai ya haɗiye tambayar ya kama buga turaku.

Da rana ta take sai ga wata ƙaramar motar kaya ta tsaya a bakin kogi. Tsohuwa Toyoko ce da ɗanta Heiji. Lokacin da aka soke ɗakin ta tambayi inda za su kwana, aka ce mata wajen kogi a bayan dandamali, abin kuma ya hana ta sakat. Ta tsallako da takalmin roba, tana dogara sanda.

Ta ce, "'Ya'yana, nan ba ƙasa ba ce, cikin kogi ne. Yau dai ruwan bai zo ba ne."

Ta ɗaga sanda ta nuna wata bishiya da ke gefen tsibirin. Can sama da kan mutum, ga busasshiyar ciyawa da tsumma sun maƙale a reshe.

"Ruwa ne ya rataya su nan. Akwai madatsar ruwa a sama. In aka yi ruwa a kan duwatsu sai su busa jiniya su buɗe. Daga jiniyar zuwa isowarsa nan bai fi rabin sa'a ba."

Kurata ya miƙa mata wayarsa har kusa da hanci, yana nuna mata hasashen yanayi.

"Iya, kin iya karatu ai. Rana ce har Lahadi. Mun gane, soke ɗaki ne ya yi miki ciwo."

Heiji ya matso, uwar ta tare shi da sanda. Ba ta ko kalli Kurata ba, cikin Chizuru ta kalla.

"'Yar nan, ɗakin yana nan, ko ba ku biya ba. Taso mu tafi."

Chizuru ta juya ta kalli mijinta. Isamu ya kalli tsumman da ke reshe, sannan ya juya ya kalli fuskar Kurata. Fuskar a ɗaure take. Sai ya rusuna wa tsohuwar har ƙasa.

"Mun gode, Iya. Za mu kula."

Tsohuwar ta juya ta tafi.

Bayan sun ci abinci ƙafafun Chizuru suka kumbura, ta ce za ta ɗan kwanta. Ta toshe kunnuwanta saboda ƙarar kiɗa, ta shige tanti. Isamu ya so ya zauna da ita, Kurata ya ce wa zai riƙe masa wuri a gaban dandamali? Ya tashi ya bi shi.

Wajen ƙarfe huɗu, an gama wata waƙa ba a fara wata ba, sai Isamu ya ji wata ƙara daga nesa, doguwa, tana hawa tana sauka. A kansu rana ce tarwai. Amma da ya waiga wajen duwatsun da kogin ke fitowa, sai ya ga sun ɓace cikin baƙin hadari.

Ya juya ga Kurata. "Oga, ka ji jiniyar nan?"

"Gwaji suke yi, kullum haka suke. Je ka sayo mana soyayyar taliya, makaɗan da nake jira su ne na gaba."

"Amma Oga, tsohuwar nan ta ce..."

"Ka zama ɗan tsohuwa ke nan? Ka ce a zuba mini yaji."

Jama'a, ya tafi. Nan ne wurin da ya fi ba ni haushi a labarin nan, kuma nan ne ya fi ba ni tsoro, domin na san da yawanmu abin da za mu yi ke nan. Mutum ya ji jiniya, matarsa na barci a cikin kogi, ya je ya shiga layin taliya.

Mutum goma sha ɗaya ne a gabansa. Ya kira wayar Chizuru, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ce wa kansa rabin sa'a ne ai, zai saya ya miƙa ya wuce. Ya sake kira. Saura mutum bakwai. Ya ce wataƙila gwajin ne da gaske. Saura huɗu. Jiniyar ta sake tashi, amma ganguna sun fara, ba wanda ya waiga sai shi.

Da layi ya zo kansa mai taliyar ya ce, "Guda nawa, yallaɓai?"

Isamu ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne sunan matarsa. Ya juya ya zura da gudu.

Mutumin da bai taɓa gogar kafaɗar wani bai ba da haƙuri ba, ranar ture mutane yake yi, yana taka ledojinsu, yana zubar musu da abin sha. Tun kafin ya ga kogin ya ji warin danyar ƙasa, ya kuma ji wata ƙara a ƙarƙashin kiɗan, ta duwatsu suna gogar juna a cikin ruwa.

Ruwan da ya bari garau ya koma ja, yana tafe da rassa da ganye. Rabin tsibirin ya tafi. Tantin Kurata ya tuge, yana jan ciki a kan tsakuwa. Chizuru na tsaye a bakin nasu tantin, hannu biyu a kan cikinta, ruwa na zagaye ƙafafunta. Ba ta ihu. Tsayawa kawai ta yi tana dube-dube, kuma ya san shi take nema.

A bakin kogi ya tarar da Heiji da wasu maza huɗu na ƙauyen suna ɗaura igiya a jikin motar kaya. Tsohuwar ce ta taso su tun jiniyar farko.

Heiji ya ce, "Tsaya nan, ba ka san kogin nan ba."

"Matata ce."

"Sai yanzu?" in ji Heiji. Amma ya ɗaura masa igiyar a ƙugu.

Suka shiga su biyu. Ruwan ya kai cinya, ga sanyi kamar ƙanƙara, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Da suka isa, Heiji ya ɗaura wa Chizuru igiya a ƙirji, sama da cikin. Suka sa ta a tsakiya suka juyo. A 'yan mintocin nan ruwan ya kai ƙugu.

Saura taku kamar goma wani gungume ya taho, ya daki Heiji a kafaɗa. Ƙafar Chizuru ta zame, ta nutse har ka. Isamu ya damƙi wuyan rigarta, ruwa na fizgar ta, yana jin rigar tana yagewa a hannunsa. Mazan da ke tudu suka ja igiya da iya ƙarfinsu, aka janyo su uku a kan duwatsu kamar buhuna.

Da Isamu ya waiga, babu tsibiri, babu tanti.

Chizuru ta yi tari ta amayar da ruwa. Tsohuwar ta lulluɓe ta da bargo. Can sai ta dafa cikinta ta yi shiru, ta matsar da hannu, ta sake yin shiru.

A hankali ta ce, "Iya, ba ya motsi."

Asibiti mafi kusa tafiyar minti arba'in ce. Isamu ya yi ta a bayan motar kaya. Shekara bakwai suna jira. Lissafin mutanen layin nan yake ta yi a ransa, goma sha ɗaya, bakwai, huɗu.

Likitar ta ɗora na'ura a kan cikin. Shiru. Ta matsar da ita gefe, shiru. Ta ƙara matsarwa ƙasa, ba ta kallon kowa. Sai ga wani ɗan bugu ya cika ɗakin, da sauri da sauri, kamar ana kaɗa ƙaramar ganga. Isamu ya zauna a ƙasa yana kuka.

Kurata ya iso daga baya, ya durƙusa a baranda ya kai goshinsa ƙasa. Tsohuwar ta ratsa ta gefensa da sandarta ta wuce. Isamu ma bai tsaya ba.

Da suka rage su biyu, ya gaya wa matarsa zancen layin taliya, bai ɓoye komai ba. Ta saurara har ya gama.

Ta ce, "Ban yi mamaki ba. Ka san ruwan nan bai ba ni tsoro kamar yadda ka ba ni ba? Da rana, da Iya ta ce in taso, na kalle ka. Na ga ka yarda da maganarta, na gani a idonka. Sai ka juya ka kalli fuskar Kurata. Tun lokacin na san ni da ɗan cikin nan mu kaɗai ne a tsibirin."



Daga asibiti gidan iyayenta ta wuce goyon ciki, tun lokaci bai yi ba. Ta haifi 'ya mace lafiya, bayan wata huɗu ta dawo ɗakinta. Suna zaune lafiya, ba ta taɓa yi masa gori ba. Isamu ya nemi a canza masa sashe a wurin aiki, ya kuma koyi cewa a'a. Amma har yau, in za su tsallaka titi ya ce mata babu mota, sai ta riƙe hannun yarinyar ta duba da kanta tukuna.

Darasi: Girmama na gaba abu ne mai kyau, amma ba a biyan sa da ran wanda aka ba ka amana. In ka ga haɗari da idonka, ka faɗa, ka ɗauki naka ka tashi, ko ran wa zai ɓaci. In kuma ka sauka a baƙon wuri, ka saurari 'yan garin kafin ka zaɓi makwanci, domin sun ga ranakun da kai ba ka gani ba. Ka tura wannan labari ga duk wanda ka san kunya na ɗaure masa baki, wataƙila ya karanta kafin tasa jiniyar ta busa.